Star Wars: fim na farko ne fa ake kira na huɗu

Jiya ƙanina ya dawo daga shagon masu tura fim da memori cike da Star Wars, ya zauna yana jera su 1, 2, 3 yadda duk mai hankali zai yi, na ce masa dakata malam, ka kusa ɓata wa kanka kallo. Ya ɗago ya ce "Yaya ba daga ɗaya ake farawa ba?" Wallahi gaskiyarsa ce, laifin na masu fim ɗin ne.

Wanda George Lucas, mai ƙirƙirar fim ɗin, ya fara saki a 1977 sunansa Star Wars kawai, ba lamba ba komai. Da na biyu ya fito a 1980, The Empire Strikes Back, sai ga shi an rubuta masa Episode V, na biyar kenan, to ina sauran suka maƙale? A 1981 da aka sake haska na farkon sai aka liƙa masa lamba huɗu da sabon suna A New Hope. Shi kuwa mai lamba ɗaya bai zo duniya ba sai 1999, bayan shekara 22, na biyu 2002, na uku 2005. Kamar yaro ne ya girma har ya tara gemu sannan a zo a ce masa ga yayyenka yau aka yi sunansu. Mu da muka taso da fim ɗin Hausa 1&2 sai 3&4 ai dole kanmu ya juye.

Ana cikin haka Disney ta sayi kamfanin Lucasfilm a 2012 kan kusan dala biliyan 4, ta sako 7, 8, 9 daga 2015 zuwa 2019, wannan dai da sauƙi, amma a tsakiya ta cuso Rogue One a 2016 wanda ba shi da lamba kuma labarinsa yana ƙarewa daidai inda na 1977 ya soma, sannan a 2022 aka yi Andor mai ba da labarin abin da ya faru kafin Rogue One ɗin, baya ta haifi baya.

Sunayen ma wani ciwon kai ne. Akwai katun mai suna Clone Wars na 2003, akwai The Clone Wars na 2008, bambancinsu "The" kaɗai, ga kuma Attack of the Clones, wato mai lamba biyun nan na 2002. Mai shago ina ruwansa, duk folda ɗaya ya watsa su.

Ni dai ra'ayina, duk wanda bai taɓa gani ba ya bi shekarar fitowa, ya manta da lamba. Dalili? Babban abin da ya girgiza mutane a 1980 shi ne gano cewa Darth Vader, mugun fim ɗin, shi ne uban Luke, jarumin fim ɗin. In ka fara da 1, 2, 3 an riga an kwance maka ƙullin tun da wuri, ka iso wurin kana hamma. Na san masu cewa a bi tsarin labari za su cika min kwament, bismillah, amma ku kun riga kun sha daɗin kafin ku fara ba da shawara.

Ƙanin nawa dai ya yarda ya fara da na huɗu. Minti ashirin ya leƙo ɗakina yana cewa hoton ya tsufa, wai ko mai shago ya cuce shi ne.