Saurin kwamfuta da amanar lissafin injiniya

Idan ana yabon aikin kwaikwayo na injiniyoyi a kwamfuta, wato lissafin da ke nuna yadda ruwa ko iska ke gudana a cikin bututu ko a jikin fiffiken jirgi, da yadda ƙarfe ko kankare ke tsagewa idan nauyi ya fi ƙarfinsa, abin da ake fara ambata shi ne yawan furosesan da aka haɗa, wato ƙwaƙwalen kwamfuta masu yin lissafi, da yawan sa'o'in da aka rage. Wannan ma'auni bai gamsar da ni ba. A ganina, duk lokacin da aka samu ta hanyar raba lissafi tsakanin dubban furosesa, haƙƙin tantance amsa ne, kuma can ya kamata a fara kashe shi.

Ƙa'idojin gudanar ruwa da iska sun daɗe a hannu, domin Navier ya rubuta su a Faransa a 1822, Stokes kuma ya kammala su a Ingila a 1845, amma har yau babu wanda ya warware su gaba ɗaya da alƙalami. Shi ya sa ake yanka wurin da ake nazari zuwa ƙananan gidaje kamar raga, a lissafa gudu da matsi a kowane gida, a matsa gaba da ɗan takin lokaci, sannan a sake. A 1922 Lewis Fry Richardson ya yi tunanin wani babban zaure na hasashen yanayi mai ɗauke da mutum 64,000, kowa da yankinsa na sararin samaniya, yana lissafi yana miƙa wa maƙwabcinsa sakamako. Tsarin da manyan kwamfutoci ke bi ke nan a yau. Sai dai gwajin da shi kansa ya yi da hannu, na hasashen yanayin sa'o'i shida, ya ba shi canjin matsin iska na miliba 145 (miliba ma'aunin matsi ne), abin da bai taɓa faruwa ba, saboda alƙaluman da ya fara da su ba su daidaita da juna ba. Da ya samu mutanen nan 64,000, da wannan amsar za su kawo masa, cikin gaggawa kawai.

Yana da kyau a duba aikin a kusa. Ana raba ragar gunduwa-gunduwa, kowace furosesa ta ɗauki tata, amma gidajen da ke bakin iyaka ba za su lissafu ba sai da alƙaluman maƙwabta, don haka bayan kowane taki sai an tsaya an yi musayar saƙo, galibi ta MPI, tsarin aika saƙo tsakanin furosesa wanda aka fitar a 1994. Idan aka ci gaba da ƙara furosesa a kan raga ɗaya, rabon kowacce yana ƙanƙancewa, har a kai inda musayar saƙo ta fi lissafin kansa cin lokaci. Gene Amdahl ya nuna iyakar abin tun 1967: idan kashi 5 cikin 100 na aiki ba ya rabuwa, saurin ba zai wuce ninki 20 ba ko da an tara furosesa miliyan. Ga kuma sharaɗin Courant da Friedrichs da Lewy na 1928, wanda a hanyoyi da yawa ke tilasta rage takin lokaci idan an rage girman gida. Wanda ya raba faɗin gidajensa biyu ya ninka yawansu sau takwas, ya ninka takunsa sau biyu, aikinsa ya zama ninki 16.

Tsagewa ta fi wannan wuya, kuma nan ne hankalina ya fi tsayawa. Tun 1921 Griffith ya nuna, da gwajin gilashi, cewa ƙaramar tsaga tana ci gaba ne idan ƙarfin da kayan ke saki ya kai abin da ake buƙata don buɗe sabuwar fuska. Ma'ana, hukuncin babban gini yana rataye a kan wani ɗan wuri a bakin tsaga. Can ake cusa ƙananan gidaje, can aiki ke taruwa, ita kuwa tsagar ba ta zama wuri ɗaya. Rabon da aka yi da adalci a farkon lissafi yana lalacewa da zarar ta ratsa yankin wata furosesa, sai ka ga guda ɗaya tana fama, ɗaruruwa sun zuba mata ido suna jira. Idan aka ce a sake rabo, kwashe bayanai daga wannan zuwa waccan ma yana da nasa tsadar. Hanyar da Belytschko da abokan aikinsa suka kawo a 1999, wadda ke barin tsaga ta ratsa cikin gida ba tare da an sake saƙa raga ba, da wadda Stewart Silling na cibiyar binciken Sandia a Amurka ya gabatar a 2000, sun rage wahalar ƙwarai, kuma sun cancanci yabo. Duk da haka, a lissafin da ba a kula da shi ba, tsaga na iya bin layin raga kawai saboda nan ne ta samu sauƙi. Akwai ma wani abu da ba a cika faɗa ba: kwamfuta tana datse wutsiyar lamba, don haka sauya jerin da aka tara lambobi, wanda ke faruwa idan an sauya yawan furosesa, yana iya sauya lambar ƙarshe. A ruwa mai hargitsi, ko a tsagar da ke gab da rabuwa biyu, wannan ɗan bambanci yana iya girma.

Abin da ya faru da Sleipner A ya isa darasi ga duk mai wannan sana'a. A ranar 23 ga Agusta 1991, gindin kankare na wannan dandamalin haƙar iskar gas ya nutse a Gandsfjord kusa da Stavanger a Norway, ana tsakiyar gwajin cika shi da ruwa. Bincike ya gano cewa lissafin kwamfuta ya ƙiyasta ƙarfin da ke neman yanke wani bango ƙasa da yadda yake da kashi 47 cikin 100, saboda ragar da aka saƙa a wurin ba ta dace ba, aka yi bangon da ƙarancin ƙarfi. Asarar ta kai kimanin dala miliyan 700. Kwamfutar ta yi abin da aka sa ta daidai. Abin da zai iya tona kuskuren shi ne a sake lissafin da raga mai laushi a ga ko amsar ta motsa, kuma irin wannan maimaici shi ne babban alherin da raba aiki ya kawo mana.

Na san masu cewa lokacin babbar kwamfuta tsada gare shi, kuma gaskiyarsu ne, domin kwamfutar Frontier ta cibiyar Oak Ridge a Amurka, wadda ta ƙetare lissafi biliyan sau biliyan a daƙiƙa a 2022, tana cin wutar da ta haura megawat 20. Amma tsadar ce ma take sa in nace. Rahoton da zan amince da shi shi ne wanda ya nuna amsa a kan raga uku masu bambancin laushi, ya nuna cewa sauya yawan furosesa bai sauya hukuncin ba, sannan ya ajiye sakamakonsa kusa da na gwajin zahiri. Bayan jiragen fasinja biyu samfurin Comet sun tarwatse a sama a 1954, masu bincike a Farnborough ta Ingila sun saka gangar jikin wani jirgin a cikin tankin ruwa, suna hura ta suna sassautawa har ta tsage daga kusurwar wata taga. Alƙaluman irin wannan gwaji ne ya kamata kowace sabuwar manhajar tsagewa ta fara maimaitawa kafin a ba ta gada ko madatsar ruwa.