Taminus ba juji ba ce

Wannan bidiyon da ake ta yaɗawa tun jiya ya ɓata mini rai, kuma ba zan yi shiru ba. Mutum ya tsaya a shataletalen Taminus, ya haska bola da kangon kasuwa, ya ce wai tsakiyar Jos juji ce, a rushe kowa ya huta. Abin da ya fi ciwo, 'yan garin nan ne ke tafa masa a ƙasan bidiyon. Haba jama'a!

Taminus ba juji ba ce. Daga nan garin ya yi kauri. Lokacin da Turawa suka dira kan kuza, jirgin ƙasa daga Zariya ya iso Jos a 1914, layin Fatakwal ya biyo baya a 1927. Leburori da fatake suka yi ta sauka: Bahaushe, Inyamuri, Bayarabe, Banufe, suka tarar da Birom da Anaguta da Afizere. Ciniki ya haɗa su, kuma a wannan fili ya haɗa su. Wanda bai san wannan ba, bai san Jos ba, ko da a Gangare aka yanke masa cibiya.

Ita kuwa babbar kasuwar da yake nunawa da yatsa, ku tambayi iyayenku. Tun zamanin Gwamna Joseph Gomwalk aka ɗauko aikinta, kuma da ta tsaya da ƙafarta ana lissafa ta cikin manyan kasuwannin Afirka ta Yamma. Mutum zai taso daga Bauchi ko Lafiya don kawai ya haɗa kayan lefe a cikinta. Atamfa, shadda, takalma, kwanuka, duk a ƙarƙashin rufi ɗaya, ruwan saman Jos na zuba ba ruwanka. Gobarar Fabrairun 2002 ta cinye ta, watanni kaɗan bayan rikicin Satumban 2001. Akwai attajiran da tun daga ranar ba su ƙara miƙewa ba. Wasu baƙin ciki ya kai su kabari. A Mayun 2014 bama-bamai biyu suka tashi a wajen, mutum fiye da 100 suka rasu, Allah Ya jiƙansu. Duk da haka mutane suka dawo suka shimfiɗa kayansu. Wannan wurin za a kira juji?

Na san za a ce ai akwai ƙazanta, akwai cunkoso, 'yan gwanjo da masu kayan gwari sun cinye Titin Ahmadu Bello. To a ina ake so su zauna? Shekara sama da 20 ana alkawarin sake gini, gwamnati ta zo ta tafi, kango na nan. Mai sayar da kabeji da karas a bakin titi ba shi ya hana gini ba, rumfa ya rasa. A gina kasuwa a ga ko zai zaɓi rana da ƙura. Masu cewa a kwashe komai a kai bayan gari kuwa, ba ni da lokacinku. Ba a mayar da zuciya gwiwa.

Wallahi ina son wurin nan. Ina son sanyin asuba da hayaƙin mai shayi, 'yan dako na sauke buhunan dankali, a ji yare huɗu a layi ɗaya, Musulmi da Kirista na ciniki ba mai tambayar unguwar wani. Wurare nawa suka rage haka a Jos?

Af, tunda ana maganar tsakiyar gari, malaman makaranta ina da ƙorafi. Gidan tarihi na Jos yana nan kusa, tun 1952 wani Bature mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, ya kafa shi, tsofaffin gumakan yumɓu na Nok na ciki, gidan zu na gefensa. Amma yawon buɗe ido na ƙarshen zango sai a kwashi yara a kai su babban kanti shan askirim, kuma iyaye mu biya kuɗin mota. Wannan zangon don Allah a kai su gidan tarihi.