Ba furfura ce ta kayar da shi ba

To, kun gama? Tsakani da Allah nake tambaya, kun gama dariyar ko da saura? Yau kwana uku ke nan duk inda na leƙa, Facebook ne ko WhatsApp, bidiyon nan nake cin karo da shi. Har wani mai basira ya ɗora masa kiɗa, ya rage gudun hoton daidai inda hular ta faɗi. Sannunku da aiki. Dattijo bawan Allah ya yanke jiki ya faɗi a tsakiyar taron wasan kiɗa na Sallah, wayoyi suka tashi sama kamar an ce a ɗaga, waɗanda suka durƙusa a kansa ba su kai mutum uku ba. Amma yanzu kowa ya zama malami, kowa ya zama likita. "Me ya kai tsoho wajen wasan Sallah?" "Sa'anninsa suna gida suna jan carbi." Wani ma cewa ya yi da a masallaci ya faɗi da ya fi masa. Ikon Allah! Ashe har wurin faɗuwa mutum ke zaɓa.

Na san mutumin nan. Layinmu ɗaya, ya girme ni da shekara 9, Yaya nake ce masa tun ina yawo da gajeren wando. Ba zan kama sunansa ba, abin da kuka yi masa ya isa. Abin da ba ku sani ba, kuma ba ku tambaya ba, shi ne Yaya yana da ciwon suga. A takardar talla an rubuta za a fara wasa ƙarfe 4 na yamma. Ya sha maganinsa, ya ɗan taɓa abinci sama-sama, ya fita da niyyar ya dawo bayan isha'i ya ci tuwonsa. Ba a fara wasan nan ba sai wajen ƙarfe 9 na dare. Awa biyar yana tsaye, domin kujeru na masu tebur ne, su kuma masu tebur ba sa zuwa sai an fara. A bakin ƙofa an ƙwace masa robar ruwansa, wai ba a shiga da komai, a ciki ake saya. Suga ya sauka, ƙafa ta ƙi ɗaukarsa. Shi ke nan labarin. Ɗan shekara 25 da yake shan irin wannan maganin, ka tsayar da shi awa biyar ba ci ba sha a zafin Kano na bazara da yake haura digiri 40, wallahi haka zai zube. Ba furfura ce ta kayar da shi ba.

Kuma wannan ita ce maganata, ba zan gaji da maimaita ta ba. Shekaru ba su ne suke sallamar mutum daga wajen kiɗa ba. Jiki ne. Jiki magayi, shi yake da wannan hukuncin, kuma mai jikin ne kaɗai yake jin abin da yake faɗa. Ba ɗan da ya haifa ba, ba maƙwabci ba, balle kai da kake kwance a kan katifar gidanku kana latsa waya da datar da aka tura maka.

Na san masu cewa ai kiɗa haramun ne sun riga sun wasa alƙalami. Ku ajiye, ba a nan za mu yi ta ba, malamai suna nan da ransu. Amma in da haramcin ne ya dame ku, ai matasan da suka cika wurin sun fi shi yawa nesa ba kusa ba, ban ga wanda ya yi musu wa'azi ba. Ko kuwa akwai wani sassauci ne da ake yi wa mai baƙin gashi wanda mu ba a karantar da mu ba? Abin da ya tsone muku ido farin gemu ne, ku faɗi gaskiya ku huta.

Masu cewa girma ya faɗi kuma, ku ne kuka fi ba ni dariya. A garin nan fa muke. Lokacin kamfe muna ganin dattawa masu jikoki sun cika filin taro tun hantsi, rana na dukan ƙeyarsu, mawaƙin jam'iyya yana zuba waƙa ta lasifika, suna juyi da babbar riga har hula na karkacewa. Ba na ware kowace irin hula, duk na gani. A nan ba a cewa girma ya faɗi, sunansa kishin jam'iyya. To shi Yaya da ya ciro kuɗinsa na fansho ya sayi tikiti don ya ji abin da ransa yake so, shi ne mara kamun kai?

Wai yaushe ma kiɗa ya zama kayan yara a ƙasar Hausa? Ina ganinku a Disambar 2024 kuna ta taya juna murna UNESCO ta saka hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya. Madalla. To ku je Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe ku kalli masu tambari da masu kakaki da masu algaita, ku ƙirga furfura. Busa algaita aikin huhu ne, kuma da yawansu sun haifi ubanninku. Zamanin da Shata yake cika gidajen sinima a garin nan, manyan 'yan kasuwa da alhazai ne a sahun gaba, su ne masu liƙi, yaro ma wa ya ba shi wuri? Barmani Choge har ta rasu a 2013 ana kiranta gidajen biki, kuma waɗanda suka fi cashewa in ƙwarya ta yi zaƙi iyayenmu mata ne da gwaggonninmu, ba 'yan mata ba. Marigayi Sarki Ado Bayero ya hau mulki a 1963, ya yi ta hawan Sallah har ya haura shekara 70, babu wanda ya ce ya tsufa da hawa. A 2012 aka soke hawan ƙaramar Sallah, fada ta ce saboda rashin lafiyarsa. Kun ji ko? Lafiya aka ambata, ba a ambaci shekaru ba.

Yanzu bari in sauke murya in gaya muku tawa, domin ni da nake kare shi na riga shi ajiyewa. Eh, ni ƙaramin.

Ina da shekara 52 na daina shiga irin wannan taron na tsaye, kuma babu wanda ya yi mini gori kafin in daina. Wata Sallah ce na matsa gaba, na tsaya dab da manyan sifikun nan da ake jibgawa kamar buhunan hatsi a Dawanau. Na dawo gida kunnena na dama yana wani irin ƙugi, shuuu, kamar an bar rediyo ba tasha. Na saba da haka, da safe yakan tafi. Wannan karon bai tafi ba. Sati ɗaya, sati biyu, sai da uwargida ta lura kullum ina juya mata kunnen hagu in tana magana, ta ce, "Malam, ko dai mu je asibiti?" Likitan kunne ya yi gwajinsa, ya yi mini bayanin da har yau yake damuna: a can cikin kunne akwai wasu 'yan ƙananan ƙwayoyin halitta masu kama da gashi, su ne suke karɓar sauti, ƙara mai ƙarfi tana kashe su, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Ba allura, ba ƙwaya. Har yanzu da nake rubutun nan ƙugin yana nan, ya fi tashi da daddare in gari ya yi shiru. A sallar asuba wani lokacin sai na matsa kusa da liman.

Ga kuma wata wautar da na yi wadda ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ina shan maganin hawan jini mai sa yawan fitsari. Duk ranar da zan je wasa sai in ƙi sha, don na san babu banɗakin kirki a wurin, wanda yake akwai kuma sai ka keta dubban mutane. Ku duba fa. Mutum da hankalinsa, da 'ya'yansa, yana wasa da shanyewar ɓarin jiki saboda kiɗa. Ranar da na zauna na kalli abin da idon basira, ni da kaina na ji kunyar kaina. Sannan ga gwiwa. Da in na kwana a tsaye, washegari ina kasuwa. Daga baya ya koma sai na yi kwana uku ina sallah a kan kujera. Akwai kuma daren da aka ɗauke wuta ana tsakiyar wasa, aka fara turereniya wajen ƙofa ɗaya tilo, na ji a jikina cewa in aka ruga ba zan iya rugawa ba. Wannan tsoron bai taɓa zuwa mini ba sai ranar. A nan na san an sallame ni.

Ba zan yi muku ƙarya ba, abin ya yi mini ciwo. Sallar farko da na zauna a gida ina jiyo kiɗa daga nesa, sai na ji kamar an yi tafiya an bar ni a tasha. Wanda bai taɓa tsayawa cikin taro kalangu ya ratsa shi tun daga tafin ƙafa har tsakar ka ba, ba zai gane abin da nake nufi ba, kuma ba na neman ya gane. Amma ni na yanke, bayan jikina ya yi magana sau uku. Da wani yaro ne ya ce mini "Baba, ka tsufa, koma gida," na rantse da sai na ƙara shekara biyar ina zuwa don taurin kai, in ƙarasa ɗaya kunnen.

Shi kuwa Yaya, a shekara 67 kunnensa garau, gwiwarsa ta fi tawa, kullum da ƙafa yake zuwa Kurmi ya dawo. Me zai hana shi? Abin da ya kamata a gaya masa, kuma na gaya masa a gaban iyalinsa, shi ne mai suga ba ya fita irin wannan fitar ba dabino ko alawa a aljihu, ba ya dogara da lokacin da aka rubuta a takardar talla, kuma in ya ji gumi mai sanyi da rawar hannu da duhu-duhu a ido, ya nemi wuri ya zauna, kada ya ce bari waƙar nan ta ƙare. In kuma wata rana ya ji ƙirji ya riƙe ko numfashi yana sarƙewa, to wannan babu shawara a ciki, sai asibiti. Ya ji, ya ce in Allah ya kai mu babbar Sallah zai je, amma da kujerarsa ta roba. Na ce Allah ya kai mu, ni zan riƙe masa kujerar har bakin ƙofa.

Ai in kiɗa ya canza, rawa ma canzawa take. Ni yanzu Hawan Daushe daga benen wani abokina a cikin gari nake kallo, da shayina a gefe. In biki ne na 'yan uwa, can baya nake zama, nesa da sifika, da abin toshe kunne na roba da ake samu a kemis. Ba daina ji na yi ba, wurin tsayuwa na canza.

Ku kuma 'yan samari masu dariya, ga tsarabarku. Hukumar Lafiya ta Duniya da ta yi gargaɗi kan kurumcewa saboda ƙarar kiɗa, ba tsofaffi ta ambata ba. Cewa ta yi fiye da mutum biliyan 1 'yan shekara 12 zuwa 35 ne suke cikin haɗarin. A 2022 ta fitar da ƙa'ida cewa kada matsakaicin sautin wuraren wasa ya wuce desibel 100 a ma'aunin ƙarfin sauti, kuma a lissafinta wannan ɗin ma kimanin minti 20 ne kunne zai ɗauka a sati guda ba tare da ya cutu ba. Minti 20. Kai kuma ka yi awa huɗu ka rungume sifika, ka fito ka shiga adaidaita mai jibgegen amsa-kuwwa a bayan kujera, ka isa gida ka cusa abin ji a kunne har barci ya ɗauke ka. Ci gaba. Kurman da za a yi a garin nan nan da shekara 20 ba mu ba ne, mu lokacin wataƙila muna maƙabartar Dandolo. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka san sauran.

Masu shirya wasa kuma ba zan ce muku komai ba, don na san ba karantawa za ku yi ba. Kun iya buga hoton mawaƙa goma a takarda, ba ku iya ajiye benci biyu da randar ruwa da ma'aikacin lafiya ko guda ɗaya ba. Mai sayar da rake ne ya taimaki Yaya, ya ɓare masa guntu ya sa masa a baki da ya farfaɗo. Allah ya saka masa da alheri, ya fi ku duka sanin aiki.

Af, na tuna. Wanda ya tsinci hular, don girman Allah ya dawo da ita. A bidiyon da kuke yaɗawa ana ganin hannun da ya ɗauka, mai agogon roba baƙi. Zanna ce, 'yarsa ta fari ta kawo masa daga Maiduguri, kuma tun da ya dawo daga asibiti ita yake tambaya, ko bidiyon bai dame shi kamar ita ba. A bar ta wajen mai shayin bakin layinmu, ba za a tambayi kowa komai ba. Sannan in akwai wanda ya san mai gyaran rediyo mai kaset a Sabon Gari, wanda har yanzu yake da bel ɗin cikinta, ya yi mini magana ta akwatin saƙo. Ta Yaya ce ta fara cin zare, ta riga ta lalata masa kaset biyu.