Yadda Excel ya mayar da ni magatakardan gidan oga

Aikina a kamfaninmu nazarin ciniki ne. Muna raba taliya da man girki da sabulu ga 'yan kasuwar Singa da wasu diloli na Wudil da Bichi. Duk ƙarshen wata ni ke tattara rasidai in faɗa wa oga abin da ya shigo, abin da ya fita, da wanda ya ci bashi ya yi lamo. A da, aikin nan sai ya cinye mako, ga kalkuleta ga ciwon wuya. Da na ƙware a pivot table da VLOOKUP, wato dabarun tattara alƙaluma da nemo su a manhajar lissafi ta Excel, sai na shiga ofishin oga ina hura hanci. Na ce, "Ranka ya daɗe, daga yau kafin shayinka ya huce rahoto ya iso tebur."

Ashe kwamfuta ba ta san mutunci ba. Babban dilanmu, wanda shi kaɗai yake ɗaukar tirela, yaran sito kowa ya rubuta sunansa yadda ya ga dama: Muhammad, Mohammed, Muh'd, Mohd. Wani dattijo da ya san shi tun yana yaro ma Mamman ya sa masa. Excel kuwa ya raba Alhaji gida biyar, kowanne da ɗan cinikinsa, har ya faɗo daga jerin manyan masu saye. Oga ya duba takarda ya ɗago kai. "Kai, yaushe Alhaji ya karye ba mu ji ba?" Saura kaɗan ya ɗauki waya ya yi masa jaje.

Kano ma ta zama biyu, saboda wani ya bar fili bayan harafin ƙarshe, filin da ido ba ya gani amma VLOOKUP yana gani, sai ya watso maka #N/A, wato bai samu ba, daga sama har ƙasa. TRIM, mai share irin wannan filin, ita ce ta raba wannan gardama.

Sai lambobin waya. Excel ya ɗauki sifirin farko a matsayin kayan ado, ya cire, 0803 ta koma 803. Waɗanda aka rubuta da 234 a gaba kuma suka rikiɗe suka zama 2.34803E+12. Oga ya ƙura wa abin ido ya ce, "Wannan E ɗin Etisalat ce? Ai tun 2017 suka koma 9mobile." Ban iya dariya ba, albashina na hannunsa. A wani layin magatakarda ya rubuta 1-2, yana nufin katan ɗaya zuwa biyu, Excel ya mayar da shi kwanan wata. Wannan kam ban ji haushi sosai ba, domin a 2020 masanan da ke raɗa wa ƙwayoyin halittar gadon ɗan Adam suna sai da suka sauya sunayen wasu, irin su MARCH1 da SEPT1, don Excel ya nace cewa watanni ne. Idan farfesoshi sun ba shi hanya, wane ni?

Na zauna na yi gyara. Kowane dila na ba shi lamba, sunayen garuruwa na sa a jerin zaɓi ta Data Validation don kada kowa ya ƙara ƙirƙiro tasa Kanon, layin lambobin waya kuma na mayar da shi rubutu. Wata na gaba rahoto ya fito kafin azahar, tsaf.

Kashegari oga ya tarar da ni ina cin gyaɗa da ƙarfe goma na safe. Ya yi murmushi irin na wanda ya tsinci dami a kala. A ranar aka turo min lissafin man motoci, da na albashin direbobi, da na kayan da suka lalace a sito. Da yamma ya leƙo ya sassauta murya. "Hajiya na da adashe na mata arba'in, rikici ya yi yawa. Kuma bikin 'yata ya matso, akwai jerin masu anko."

Na buɗe littafin adashen. Shafin farko akwai A'isha, Aishatu, Aysha, Indo da Maman Walid. Na kira Hajiya na ce, "Ranki ya daɗe, waɗannan mutum nawa ne?"

Ta ce, "Biyu ne, amma ɗayar ta shiga hannu uku."