Taka, Riƙe, Saki

Har yau idan na ratsa ta gaban teburin mai shayi sai wani ya ce "taka, riƙe" ƙasa-ƙasa, kamar ba da ni yake ba. Gara in ba da labarin da bakina kafin su gama zuba masa gishiri.

Kun san Peugeot 504 ɗin marigayi Baba, wadda kaji suka mayar ɗakin ƙwai a tsakar gidanmu. Mu a Garwa ba mu da filin tseren mota, sai yaran gareji suka samu wani fako a hanyar Gashiga, suka jera tsofaffin tayoyi, ranar Lahadi duk mai ji da motarsa ya zo a auna masa lokaci da agogon waya. Ni kuwa na karanta cewa 504 ce ta cinye gasar Safari a Kenya a 1975. Shi ke nan, shaiɗan ya samu wurin zama.

Wata uku ina ƙarƙashinta. Na cire kujerar baya da ta mai zaman banza don ta yi sauƙi, na wanke lagireto, na sauya fulogi, na kwance salansa ba don komai ba sai don a ji ni tun daga unguwar Yelwa. Sai birki. Man birki yana tsotsar ruwa idan ya daɗe, ya riƙa tafasa da wuri, to na zubar da tsohon kaf, na sayo DOT 4, wanda sabonsa ba ya tafasa sai ya kai digiri 230. Wannan lamba na faɗa wa mutum ya fi ashirin, har da mai kayan miya.

Idan an sauya mai dole a fitar da iskar da ta shiga bututu, kuma aikin mutum biyu ne: ɗaya ya taka birki ya riƙe, ɗaya ya buɗe ɗan noti a bayan taya, iska ta fita, ya rufe. Na ɗora ɗan yayata a kujera, na kwanta a ƙasa da sifana. "Taka! Riƙe! Saki!" Yana amsawa, "Na taka, Kawu! Na riƙe, Kawu!" Taya huɗu muka zagaya. Mai yana ɗan ɗigowa, na ce madalla.

Duk wannan abin, Baffa yana zaune a tabarma daidai ƙofar direba, ƙofar a buɗe, yana ɓare goro. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana jan babbar mota tsakanin Garwa da Ngaundare, wanda ko a rediyo ya ji ƙarar inji zai gaya maka ciwonsa. Yana kallon ƙafar yaron. Uffan bai ce ba. Da muka gama ma cewa ya yi, "Sannu da aiki, injiniya." Na ɗauka yabo ne, har na aika aka sayo masa lemo mai sanyi. Lemon nan ya fi komai ci mini rai.

A hanyar zuwa na ji birkin da laushi kamar an taka tuwo, sai na danna sau biyu yake kamawa. Na ce haka sabon mai yake.

Fako ya cika, 'yan acaɓa, masu zuwa-zuwa, wato 'yan bumburutun fetur, da kwalabensu, har masu sayar da rake. Na zuba lita goma, na kifa hular kwanon da na aro, aka ɗaga ƙyalle, na taka totur. Jama'a, sakan ashirin na farko ban taɓa jin daɗin duniya irinsu ba. Giya biyu, giya uku, ƙura ta turnuƙe, ana ihu. Na iso surin da ake karya kwana, na taka birki. Ƙafata ta wuce har ƙasa kamar na taka iska, don iskar ce kuwa. Na sake dannawa, na sake, ina karanto duk abin da ya zo bakina, ina jin har da addu'ar cin abinci. Birkin hannu kuwa wayarsa ta tsinke tun Baba yana da rai. Na cusa giya biyu, inji ya yi kururuwa, muka bar tayoyin da aka jera a hagu, muka gangara gonar masakuwa.

Da a ce da gudu na faɗa, da an ce jarumi ne ya yi hatsari. Ina! Sannu-sannu ta shiga, kara yana karyewa ɗaya bayan ɗaya, ƙas, ƙas, ƙas, har mai gonar ya samu damar jerawa da ni a ƙasa yana yi mini faɗa da Fillanci ta taga. Ta je ta tsoma tayar gaba a wani rami ta mutu.

Da shanun noma biyu aka jawo ni. Maɓallin hular ya cije, don haka na zauna ina riƙe sitiyari da kwano a kai, shanu suna ja, muka bi gaban jama'a tun daga wannan ƙarshen har wancan. Mai agogon bai tsayar da shi ba. Da muka iso layin ya ɗaga waya ya yi shela, "Minti 47!" Aka tafa.

Da dare na zaunar da yaron na ce ya nuna mini abin da ya taka. Ya miƙa ƙafar hagu ya ɗora a kan kuloci, yana murmushi. Na juya wajen Baffa.

"Baffa, kana gani fa."

"Ina gani."

"Ka yi shiru?"

"Ka tambaye ni? Kai da kake da digiri 230."

Mai gona ya ce sai an girbe za a ƙirga ɓarna, yana zuwa gaishe ni duk Juma'a don kada in manta. Yaron kuma ya ce wai ban biya shi ladan aikinsa ba. Akwai rabin kwalbar man birkin a kan taga, idan da mai so.