Lissafin Jamusawa ba shi da wuya, Turanci ne ya tare mana hanya

Duk sabon zuwa Jamus da ka tambaya me ya fi ba shi wahala zai ce maka der, die, das, 'yan kalmomin nan da ake sa wa a gaban suna gwargwadon jinsinsa. Ni kam na ce a'a, lambobi ne. Der die das ko ka kwaɓa su mai kanti zai gane ka ya miƙo maka burodinka, amma lamba in ta juye maka to ko dai kuɗinka ya yi ciwo ko jirgi ya tafi ya bar ka a tasha.

Ɗaya zuwa sha biyu hadda ce kawai, eins zwei drei har zwölf, sha uku zuwa sha tara ma babu wata rigima. Daga 21 ake fara ta. Bajamushe ba ya cewa ashirin da ɗaya, sai ya ce einundzwanzig, ɗaya da ashirin, ƙaramar ce ke fara fitowa. 347 kuwa zai fara da ɗari uku, ya tsallake ya ɗauko bakwai, sannan ya dawo kan arba'in, kuma duk a kalma ɗaya ake rubutawa. Sai ranar da aka karanto maka lambar waya bibbiyu bibbiyu za ka gane, hannunka ya riga ya rubuta 7 kafin kunnenka ya ji arba'in ɗin.

To amma fa ni a ganina bai kamata wannan ya rikita Bahaushe ba wallahi. Duk wanda ya zauna a Islamiyya ya san Larabci ma haka yake, wahid wa ishirun, ɗaya da ashirin, kuma ashirin ɗin da talatin da arba'in har casa'in ai daga can muka aro su, jerin kawai muka gyara. Mu da kanmu muna cewa ashirin ba ɗaya maimakon 19, talatin ba biyu maimakon 28, sai ka jira a ƙarasa magana kafin ka san adadin. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram kuwa ba a magana, mutumin da za a ce masa dala ashirin ya san sefa 100 ake nufi, kullum yana ninkawa da biyar a ka, ga Faransanci da ke kiran 80 ashirin sau huɗu, me Jamusanci zai gaya masa?

Mu 'yan Najeriya ne abin ya fi damu, saboda lissafin da ke kanmu na Turanci ne. Lambar waya da Turanci muke faɗa, lambar asusu da Turanci, sai ka ji siebenundvierzig, wato 47, ka kai ta Turanci tukuna ka juya ta sannan ka dawo da ita, kafin nan mai karɓar kuɗi ta gaji da jira, layi ya yi tsawo a bayanka kowa na huci. Ka ce a ranka bakwai da arba'in da Hausa kawai, ya fi sauri nesa ba kusa ba. Malaman ajin koyon harshe ba za su gaya maka haka ba don ba su san abin da ka zo da shi daga gida ba.

Inda babu wanda zai cece ka shi ne agogo. Halb drei ba uku da rabi ba ne, biyu da rabi ne, su rabin hanyar zuwa uku suke ƙirgawa, kuma nan in likita ya ba ka lokaci ka makara da awa guda sai wani zuwan. A gabashin ƙasar har dreiviertel drei za ka ji, wato uku saura kwata. Sai rubutun kuɗi, 2,50 yuro biyu da rabi ne, 1.200 kuma dubu ɗaya da ɗari biyu, waƙafi da ɗigo sun yi musanyar aiki, a duba da kyau kafin a sa hannu a takardar haya.

Su ma fa abin na damun wasunsu. Akwai ƙungiya mai suna Zwanzigeins da wani farfesan lissafi ya kafa a Bochum a 2004, suna neman a yarda a riƙa faɗin babbar lamba farko, Norwe kuma tun 1951 majalisarsu ta sauya nasu. Ni dai ban ga alamar Jamusawa za su bi sahu nan kusa ba, mutanen da in suna karanto lamba a waya sun gwammace su ce zwo maimakon zwei don kar ka ji kamar drei aka ce, amma juya 47 ɗin nan ko a jikinsu.