Cutar da ke sace kunya, da masu ƙirga ambato

A watan Fabrairun 2023 iyalan Bruce Willis, tauraron fina-finan Amurka, suka sanar cewa likitoci sun gano abin da ke damunsa: cutar da ake taƙaita sunanta da FTD, wato lalacewar ɓangaren gaba da na gefen ƙwaƙwalwa. Shekara guda kafin nan sun ce ya bar fim saboda magana ta fara gagarar sa. Ranar sanarwar ta 2023 ce mutane da yawa suka fara jin sunan cutar, alhali wani likita a birnin Prague, Arnold Pick, ya bayyana ta tun 1892.

Ba gigin tsufa ba ce, kuma ba da mantuwa take farawa ba kamar cutar Alzheimer. Ta fi kama mutum tsakanin shekara 45 zuwa 65, yana ganiyar ƙarfinsa, 'ya'ya duk suna makaranta. Abin da take fara ɗauka shi ne hali, ko kuma harshe. A ce ga magidanci ɗan shekara hamsin da 'yan kai, mai shago, wanda duk unguwa ta shaide shi da kamun kai. Sai a wayi gari yana sa hannu a kwanon baƙo, yana yaɓa wa surukarsa maganar da ko a mafarki ba zai faɗa ba. An yi rasuwa a gidan ƙanensa, ya shiga ya tambayi abinci, ya ci ya fita ko gaisuwa babu. Yana cusa alewa kamar yaro. Amma ka tambaye shi bashin da yake bin wane, zai lissafa maka har kwabo. A Landan sau da yawa likitan taɓin hankali ake fara kai wa irinsa, a ce ciwon damuwa ne. A wurinmu sai a ce sammu ne, ko iska, ko kuma a ce dama halinsa ke nan, ɓoyewa yake yi.

Abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ma'aunin da ake gwada masu binciken wannan cuta da shi, da ma sauran masana. Yau idan ana son a nuna girman farfesa, sai a buɗe shafinsa na Google Scholar ko Scopus a karanto lambobi: maƙala kaza ya buga, sau dubu kaza wasu masana suka ambace shi a rubutunsu. Eugene Garfield ne ya kafa kundin ƙirga ambato a 1964, da nufin taimaka wa mai karatu ya bi sawun ilimi. A 2005 wani masanin fiziya a Kalifoniya, Jorge Hirsch, ya zo da abin da ake kira ma'aunin h: idan aka ce naka 40 ne, to kana da maƙala 40 waɗanda kowace aka ambata aƙalla sau 40. Lamba ɗaya tak, ta haɗiye aikin shekara talatin. Kwamitocin ƙarin girma suka rungume ta hannu bibbiyu, don ƙirga ya fi karatu sauƙi.

Ba zan ce lambobin ƙarya ba ne. A wannan fage akwai maƙalun da suka ci ambatonsu da guminsu. A 1998 aka gano cewa tangarɗa a ƙwayar gadon da ke sarrafa furotin tau tana haddasa cutar a wasu zuri'o'i. A 2006 aka gano ta biyu, ta progranulin, kuma a shekarar ce Manuela Neumann da abokan aikinta a ɗakin binciken Virginia Lee da John Trojanowski na Jami'ar Pennsylvania suka nuna cewa wani furotin, TDP-43, shi ne ke dunƙulewa a ƙwaƙwalwar da yawa daga masu FTD, shi ne kuma a jijiyoyin masu cutar ALS, mai shanye gaɓoɓi. Cututtuka biyu da ake duba su a ɗakuna daban-daban ashe 'yan uwa ne. A 2011 ƙungiyoyi biyu, ta Rosa Rademakers da ta Bryan Traynor, suka buga a mujallar Neuron cewa wasu haruffa shida na ƙwayar gado, GGGGCC, da ke maimaita kansu ɗaruruwa a ƙwayar gadon da ake kira C9orf72, su ne babban sanadin gado na cututtukan biyu a tsakanin Turawa. Gidan da cutar ta ci uba, ta ci baffa, ta ci goggo, yanzu ana iya gwada jininsu a gaya musu dalili. Ruwa ba ya tsami banza, kuma waɗannan dubban ambato ba a banza suka taru ba.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙa ba. Cikin maƙalun da suka fi yawan ambato a fagen akwai na ƙa'idojin gane cutar: na David Neary da abokansa a 1998, da na Katya Rascovsky da na Maria Luisa Gorno-Tempini, duka a 2011. Ayyuka ne masu amfani ƙwarai. Amma dubi yadda ambatonsu ke taruwa. Duk wanda ya tara majinyata goma ya ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu, dole a sashen bayanin hanyar aiki ya rubuta layi ɗaya: an tantance majinyatan bisa ƙa'idojin wane, ya sa 'yar lamba a gaba, ya wuce. Kamar kuɗin shiga tasha ne, kowa sai ya biya, ko ya karanta ko bai karanta ba. Na'urar ƙirga ba ta bambance wannan da ambaton wanda ya gina bincikensa kacokan a kan naka, ko na wanda ya ambace ka don ya ƙaryata ka.

Almajiran hadisi sun san wannan tun tuni: shaharar magana a bakin mutane daban, ingancin isnadinta daban. A maƙwabcin fage, na Alzheimer, wata maƙala da mujallar Nature ta buga a 2006 ta samu ambato fiye da 2,000. A 2022 binciken mujallar Science ya fito da alamun an jirkita hotunan da ke cikinta, a 2024 aka janye ta. Shekara 18 lambarta tana hawa.

Akwai kuma wanda ba a ƙirga ba sam. Manyan rukunan binciken FTD ta gado, GENFI a Turai da Kanada, da ALLFTD a Arewacin Amurka, akasarin mutanen da suke bibiya fararen fata ne. Tangarɗar C9orf72 ta yi katutu a Finland da arewacin Turai, ta yi ƙaranci a gabashin Asiya, wanda ke nuna cewa abin da aka gano a wata al'umma ba lallai ya hau kan wata ba. Najeriya tana da abin alfahari a binciken cututtukan mantuwa: aikin haɗin gwiwar Ibadan da birnin Indianapolis na Amurka da aka fara a 1992, wanda Benjamin Osuntokun da Adesola Ogunniyi suka yi da Hugh Hendrie, ya nuna a 2001 cewa sabbin kamuwa a tsofaffin Yarabawan Ibadan ba su kai rabin na baƙaƙen fatar Indianapolis ba. Amma 'yan shekara 65 zuwa sama aka ɗauka. Mai shagon nan ɗan hamsin da 'yan kai ba ya cikin lissafin. Ruwa na ƙasa, sai ga wanda bai tona ba.

Batun harshe ya fi ba ni takaici. Wani nau'in cutar magana yake ci, kuma gwaje-gwajen gane shi a kan Ingilishi aka ƙera su. Ɗaya daga ciki shi ne a ba majinyaci kalmomin da rubutunsu ya saɓa da furucinsu, a ga ko zai karanta daidai. Ingilishi cike yake da irinsu. Rubutun boko na Hausa kuwa kusan yadda aka rubuta haka ake faɗa, to me gwajin zai kama? Wani bincike a 2020 ya kwatanta Italiyawa da masu jin Ingilishi da ke da nau'i ɗaya na cutar, ya tarar masu Ingilishi sun fi tuntuɓe a furuci, Italiyawa kuma a nahawu. Masu aiki da Sinawa sun ga kurakurai a karin sauti, hawa da saukar murya. Hausa ma harshen karin sauti ne da tsawon wasali.

A Disamban 2012 wasu editoci da masana suka tsara sanarwar San Francisco, wadda ake kira DORA, suka ce a daina auna mutum da martabar mujallar da ya buga a ciki, a karanta aikin kansa. Jami'o'inmu kuwa har yanzu lissafin maƙalu da jerin Scopus ne ke kai malami kujerar farfesa. Matashin likitan ƙwaƙwalwa a Kano ko Zariya ba wawa ba ne. Ya san in ya shiga sahun marubuta ɗari biyu a wata babbar maƙalar duniya, lambarsa za ta yi tsalle cikin shekara. In kuwa ya kwashe shekara uku yana tsara gwajin Hausa, mutum nawa za su ambace shi? Wataƙila a ƙirga su da yatsun hannu. Ban ga laifinsa ba in ya zaɓi na farko, yana da iyali. Laifin na kwamitin da ya ƙi ba aiki na biyu maki ne, alhali har yau, da duk tulin ambaton nan, babu maganin da aka amince yana tsayar da FTD, kuma abin da likita zai iya yi wa iyali shi ne ya gane cutar da wuri ya kira ta da sunanta, matar ta san mijinta ba lalacewa ya yi ba.

Gwajin da nake nufi ba ya bukatar na'urar miliyoyi. Kati biyu ne, ɗaya da hoton birni da ganuwa, ɗaya da hoton kwanon niƙa, sai likita ya ce: Alhaji, nuna mini gari, ya sake ja ya ce gaari, ya rubuta abin da yatsan ya taɓa.